Na Kira Shi Yana Kan Tsani

In kun ga na tsallake harafi ku yi mini uzuri. Ina zaune a bakin gado a ɗan ɗakina na cikin jirgi, ɗakin da ko taga babu, kayan jikina jiƙe sharkaf, na kasa cire su. In ban faɗa wa wani abin da na aikata yau ba ƙirjina zai fashe, ku kuma kun saba jin sirrina.

Wanda yau ya fara shigowa shafin nan nawa, sunana Sunniva, shekarata ashirin da bakwai, 'yar tsibirin Fedje ce ni. Ina aiki a Havlilja, irin jiragen nan masu ɗibar dattawa masu son tarihi su zaga da su tsofaffin tashoshi, daga Bergen zuwa Lerwick, zuwa Kirkwall, mu juyo. Ni ce mai surutun jirgin. Da rana in ja su cikin gari da 'yar tutata, da yamma in tsaya a zaure in ba su labarin fataken busasshen kifi har rabinsu su yi gyangyaɗi.

A Fedje muna da doka ɗaya da ba a rubuta ba. In mutum ya juya baya ya nufi ruwa, ba a kiransa. Ko makullinsa ya manta, ko abincinsa, sai dai ki ruga ki sha gabansa ki miƙa masa. In ba ki cim masa ba ya tafi haka. Wanda aka kira daga baya, in ji tsofaffi, teku ta ji sunansa.

Babana jagoran jirage ne. Shi ne mutumin da ƙaramin jirgi ke kai wa gefen babban jirgi a tsakiyar ruwa, ya hau tsanin igiya, ya nuna wa kyaftin hanya tsakanin duwatsu, in ya fitar da su ya sauko ta wannan tsanin. Ina shekara tara ya faɗa tsakanin tsani da ƙaramin jirgi. Kaka Oddny, uwarsa, gidanta na kallon namu, ta ce da idonta ta ga Mama a bakin ƙofa safiyar ranar, ƙunshin burodinsa a hannu, bakinta a buɗe. “Ta kira shi,” in ji Kaka. Shekara goma sha takwas ke nan duk tsibirin sun san haka, ba su taɓa faɗa a gaban Mama ba, ita kuma ba ta taɓa musawa ba. Tun daga ranar ko bas zan shiga ba ta kiran sunana in na juya.

To kun ga dalilin da ya sa ta liƙe wa Bendik mai kantin magani, wai shi zan aura. Mutumin kirki, ba zan yi masa ƙarya ba, amma in ya fara magana agogo ma tsayawa yake don gajiya. “Duk wanda kika kawo na karɓa,” Mama ke cewa, “in dai takalminsa a bushe yake dawowa gida.” Na ce ai ni ma a ruwa nake aiki. Ta ce, “Naki otal ne mai yawo, ba kya hawa tsani.”

Sai ga shi ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago. Saurayina Hallvard jagoran jirage ne, a tashar da babana ya yi aiki, a kan irin tsanin da ya ci babana. Wata goma muna ɓoyewa. Makon jiya na faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba, ta ci gaba da fere dankali, ta ce, “Ƙarfe bakwai nake cin abinci ranar Asabar. In ya zo zan ba shi, ban taɓa korar baƙo da yunwa ba. Amsa kuwa ya riga ya san ta.”

Yau ce Asabar ɗin.

Da safe ina tsakiyar tsoffin rumbunan katako na Bergen da mutum talatin a bayana, ruwa na zuba kamar yadda ya saba, wayata ta yi motsi a aljihu. Saƙon Hallvard ne.

“Ni aka ba jirginku, Malama. In fitar da ku, in sauka a Fedje, in haura gidanku. Na sayo wa Mama burodin kirfa.”

Na rubuta, “Ba ta cin zaƙi.”

“Za ta fara yau.”

Na yi murmushi, amma da na ɗaga kai na ga yadda tutocin bakin tasha suka miƙe tsaf suna kaɗawa gefe guda, sai gabana ya faɗi.

Ƙarfe huɗu muka kwance igiya. Laccata ta yammacin yau a kan kayan gargajiya ce, don haka na sa nawa: baƙin siket na ulu mai nauyin yaro, jar rigar sama marar hannu, farar riga mai aikin zare a wuya da bakin hannu, ƙirjin da aka jera wa duwatsu, sai abin maƙalawa na azurfa a maƙogwaro mai 'yan faifai masu lilo, in na yi numfashi sai sun yi ƙara. Mama ta ɗinka su da hannunta, sanyi biyu tana zaune a kansu. A lungun hawa na huɗu muka yi kiciɓis da Hallvard zai haura wajen kyaftin, rigar ceto a kafaɗa, jaka a hannu. Ya tsaya ya kalle ni sama da ƙasa.

“Malama, yau za a ɗaura ne ban sani ba?”

“Tsofaffina na yi wa kwalliya, ba kai ba.”

“Su da ba sa gani sai da tabarau biyu.” Ya ɗan buɗe wuyan rigar aikinsa ya nuna mini farar riga a ciki. “Da kaina na goge. Na ƙona ɗaya kafin wannan.”

“Ka ga iskar nan kuwa?”

“Na gan ta, ta gan ni. Mun san juna.”

Ya wuce. Na tsaya ina kallon bayansa har ya sha kwana, ban ce komai ba, don haka aka rene ni.

Awa biyu na farko lafiya lau, muna bi tsakanin tsibirai, ruwa kwance. Da muka doshi bakin teku sai ƙasa ta fara gudu daga ƙarƙashin ƙafata. Kofuna suka soma tafiya a kan tebur. Kyaftin ya yi magana ta lasifika da muryar nan tasu ta kwantar da hankali, wai kowa ya riƙe ƙarfen bango. Ina bayan zaure ina jera hotunan laccata, saƙon Mama ya shigo. Daga tagar kicin ɗinmu ana hango inda jagora ke sauka, kuma madubin hangen nesa na babana yana nan rataye a ƙusarsa.

“Ina ganin jirginku.”

Ban amsa ba. Wani ya biyo.

“Teku ta yi fari.”

Sai na uku.

“Ranar ma haka ta yi.”

'Yan uwa, Mama ba ta taɓa ambaton ranar ba, ko da wasa. Na jingina da bango na rubuta wa Hallvard.

“Kada ka sauka. Bi mu Lerwick.”

Ana yin haka. In ruwa ya yi muni jagora ba ya sauka, sai jirgin ya wuce da shi tasha ta gaba, ya kwana, ya dawo ta jirgin sama. Ba laifi ba ne, sai dai abokan aiki su yi ta tsokanarsa wata guda cewa ya tafi yawon buɗe ido. Minti biyar babu amsa. Sai ga ta.

“Kyaftin ma ya ce haka. In ce wa Mama me? Ruwa ya hana ni zuwa? Ai na miƙa mata hujjarta a faranti.”

“Hallvard, don Allah.”

“Na sauka a wanda ya fi wannan. Na taho ƙasa, wayar za ta shiga jaka. Yi laccarki.”

Zaure ya riga ya cika, mutum ɗari da wani abu, kowa riƙe da hannun kujera. Wata tsohuwa 'yar Ingila mai sanda ta tare ni a ƙofa tana shafa aikin hannun rigata. “'Yata, tsaya in ɗauke ki hoto, jikata za ta so wannan.” Ban san abin da na ce mata ba. Na tattare siket ɗin nan da hannu biyu na fita da gudu.

Barandar hawa na biyar tana daidai saman ƙofar da jagora ke fita. An ɗaure ta da igiya don kada fasinja ya fito, na kutsa ta ƙarƙashi. Babu kowa. Kyaftin ya karkata jirgin ya tare iska da jikinsa, don haka a wannan gefen iska ba ta da ƙarfi, har ina jin ma'aikatan ƙofa suna magana a ƙasa. Amma ruwan bai san an tare masa komai ba. Ga Fedje can, baƙa, ga farin gidanmu a kan tudu kamar ƙwayar shinkafa. Ga ƙaramin jirgin jagora mai launin lemo yana manne da gefenmu, ya tashi sama kamar zai leƙo ni, ya koma ƙasa har sai na ga saman kan mutumin da ke tsaye a gabansa ya zama ɗan mitsitsi.

Na san yadda ake yi, a gidan aka haife ni. Jaka ce ke fara sauka da igiya. Sannan mutum ya fito da baya, fuskarsa na kallon jikin jirgi, ya sauka taki ɗaya ɗaya, ya tsaya a inda ƙaramin jirgin ke kaiwa in ya tashi. Ya jira. In ya zo ƙarshen tashinsa sai ya saki tsani ya taka da baya, na ƙasa ya cafke shi. Ba a waiwaye, ba a shakka. Wanda ya yi shakka rabin daƙiƙa shi ne ake ba da labarinsa.

Jakar ta sauka, ruwa ya wanke ta. Sai ga hular Hallvard, sai kafaɗunsa. Taki ɗaya. Biyu. Uku. Na riƙe ƙarfen baranda har farcena ya lanƙwashe. Azurfar wuyana sai ƙara take, na dafe ta da hannu, wai kada ya ji. Wayata ta fara ruri a aljihu, na san Mama ce, ban taɓa ta ba.

Ya kai inda zai tsaya. Ƙaramin jirgin ya taso, bai yi masa ba, ya bar shi ya koma. Ya sake tasowa, ya bar shi. Sai na ɗaga ido na duba bayan jirginmu, ban san me ya sa ba.

Wani raƙumin ruwa ne ya zagayo ta baya, ba daga inda sauran ke zuwa ba. Ya fi su duka, baƙi ƙirin, ko kumfa babu a kansa. Matuƙin ƙaramin jirgi idonsa na kan tsani. Na gaban jirgin hannunsa a miƙe yana jiran Hallvard. Ma'aikatan ƙofa suna kallon ƙasa. Hallvard na kallon ƙarfe. Ni kaɗai ce a sama, ni kaɗai na gan shi.

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Wallahi ba ƙarya nake muku ba, na yi karatu har jami'a, ina tsayawa gaban mutane ina ba su labarin camfin kakanninmu suna dariya, amma a lokacin muryar Kaka Oddny ce ta shaƙe ni. Ta kira shi. Ta kira shi. In na kira ya waiwayo ya faɗi, ni na kashe shi, kuma uwata tana kallo ta madubin ubana. In na yi shiru kuma? Na ga ƙaramin jirgin ya fara tasowa. Na ga Hallvard ya cire ƙafar dama daga tsani ya miƙa ta baya.

“Hallvard! Hau sama!”

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Ya ɗaga kai. Idonmu ya haɗu, ƙafarsa na lilo a iska, kuma abin da na gani a fuskarsa ba tambaya ba ce, tsoro ne, don shi ma ɗan bakin ruwa ne, shi ma da wannan dokar aka yaye shi. Sai ya ja jikinsa sama da ƙarfin hannu, taki ɗaya, biyu.

Ruwan ya iso. Ya ɗauki ƙaramin jirgin ya maka shi a jikin namu, ƙarar ta ratso ƙarfe har tafin ƙafata. Ruwa ya tashi ya rufe ni, na daina gani. Da na share ido, takun tsani uku na ƙasa babu su, sai guntayen katako suna yawo a kumfa. Na gaban ƙaramin jirgi yana kwance riƙe da igiyar da ta ɗaure shi, da ransa. Hallvard na rataye da hannu biyu, ƙafa ɗaya ba takalmi, wandonsa a yage. Hannuwa huɗu suka fito daga ƙofa suka janye shi ciki.

Ƙaramin jirgin ya ja baya ya juya ya nufi Fedje da jaka da burodin kirfa. Mu kuma muka miƙe Lerwick.

Ban san yadda na sauka hawa na huɗu ba. Na tarar ana tafiya da shi ɗakin likita, mutum biyu sun tallafe shi, jini na bin ƙwaurinsa, farar rigar da ya goge ta yi baƙi da man jirgi. Ya tsaya a gabana. Leɓensa fari fat. Na jira ya zage ni ko ya rungume ni, ko wanne zan iya ɗauka.

“Kin kira ni,” ya ce a hankali.

“Na ga ruwa ne ta baya.”

“Ina kan tsani, Sunniva.”

Suka wuce da shi. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ce mini na ceci ƙafafunsa. Ɗayan ya kau da kai, kuma na san abin da ke ransa, don yana cikin raina ni ma: da ban kira ba, watakila da ya riga ya dira kafin ruwan ya iso, na ƙasa ya riƙe shi, yanzu yana kan hanyar gidanmu. Babu wanda zai taɓa iya gaya mini wanne ne gaskiya.

Na shigo ɗakin nan na kulle. Kira tara daga Mama. Na fi minti goma ina kallon sunanta kafin na danna. Bugu ɗaya ta ɗauka.

“Yana da rai?”

“Yana da rai, Mama. Ciwo ya ji a ƙafa, yana wurin likita.”

Na ji ta sauke numfashi. Na ji ƙarar murfin tukunya a bayanta, miyar kifi ce, na sani, ita take yi wa baƙo.

“Na ga jan abu a sama,” ta ce. “Ke ce?”

“Ni ce.”

“Na ga ya koma sama kafin ruwan ya zo. Me ya mai da shi?”

Na rufe ido. Na yi tunanin ƙarya, na rasa.

“Mama, na kira shi.”

Na duba ko layin ya yanke, don mun fara nisa da ƙasa. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga bakinta ba, ko ranar da aka binne babana. Kuka take.

“Ki yafe mini, Mama, na san doka, na san abin da ya faru da ke, amma—”

“Ba ki sani ba. Babu wanda ya sani.” Ta ja hanci. “Ban kira ubanki ba, 'yar nan.”

Na zauna a bakin gado, ta ci gaba.

“Na fito da abincinsa, na ga tekun, jikina ya ba ni. Na buɗe baki zan ce Torleif dawo, ka ce musu ba ka da lafiya. Da na kira da ya dawo, bai taɓa ƙin maganata ba. Sai na hango kakarki a taga, na tuna doka, na haɗiye. Na tsaya da burodi a hannu ina kallon bayansa har ya shige kwana.”

“To me ya sa kika bar su suna cewa…”

“Gara su ce na kira. Wannan zan iya ɗauka. Ɗayan ne ban iya faɗa ba.”

Layin ya fara tsinkewa, muryarta na zuwa tana ɗaukewa. Na manna wayar a kunne kamar zan shigar da ita ciki.

“Ban ce na yarda ba,” na ji ta ce. “Kada ki je ki ce masa na yarda. Ki ce masa miyar ba ta lalacewa, zan sa ta a firji. Asabar mai zuwa, ƙarfe bakwai. Ya biyo jirgin fito kamar sauran mutane.”

Daga nan layin ya mutu.

Na tura masa saƙon Mama kalma da kalma, sannan na tuna wayarsa na cikin jaka, jakar kuma tana Fedje. Bai san komai ba. Abin da ya sani kawai shi ne macen da yake so ta kira sunansa yana kan tsani, a gaban abokan aikinsa, a wurin da ubanta ya mutu. Ban san ko zai iya sake taka tsani bai ji muryata a bayansa ba. Ban san ko zai yafe mini wannan ba, kuma tsoron da nake ji yanzu ya kusa kai na ɗazu.

Ina cikin rubuta muku wannan na ji taku a lungu, takun mai ɗingishi, ɗaya da nauyi ɗaya a ja. Ya zo daidai ƙofata ya tsaya. Ina ganin inuwar ƙafafunsa ta ƙarƙashin ƙofa. Bai ƙwanƙwasa ba. Na ƙirga har ashirin.

Yanzu inuwar ta gusa. Ya juya, takun yana nisa, in na buɗe ƙofar nan bayansa zan gani.

Bari in ajiye wayar. Zan kira shi.